Tarihin Rayuwata, kashi na 14: Katin Minawao

Makon jiya na tsaya a inda Kawu ya biya mini kuɗin makaranta, ya kuma shekara uku yana goranta mini. Zan dawo kansa. Yau maganar Goggo ce ta hana ni sakat.

Goggo takan ce, "Ɗan nan, iyaka a takarda take, ba a ƙasa ba." A Amchide ta yi aure, kuma wanda ya san wurin ya san Amchide ta Kamaru da Banki ta Najeriya kamar gari ɗaya ne. Da safe ta shiga Najeriya ta sayo barkono da naira, kafin hantsi ta dawo Kamaru ta ɗora tukunya.

A 2016 malaminmu ya kwashe mu daga Marwa, mu ɗalibai, zuwa sansanin Minawao da ke kusa da Mokolo, wai mu ga aikin agaji da idonmu. Tun 2013 aka buɗe shi don mutanen Borno da Boko Haram ta koro. Abokan karatuna Faransanci da Fulatanci suke ji, mutanen Gwoza kuwa Hausa ce a bakinsu, sai na zama tafinta. Har malamin sai da ya riƙa bi na a baya. Ban manta ba, ko da yake a rahoton da aka rubuta ko sunana ba a sa ba.

Ranar rabon abinci muka tarar. Wata tsohuwa ta kwance bakin zanenta, ta fito da kati a cikin leda ninki uku, ta miƙa da hannu biyu. Aka duba yawan mutanen gidanta, aka auna mata hatsi da mai da gishiri. Na tambaye ta, kamar yadda takardar tambayoyinmu ta ce, me ta fi buƙata. Ta ce, "Yaro, itace. Abinci ɗanye ake ci?" Daga nan na ji labarin faɗan da ake yi da mutanen ƙauyukan kewaye, don daji ya ƙare, mata sai sun yi nisa kafin su samo na girki.

Ni kuwa hankalina yana kan ledar nan. Goggo ma ai an kore ta. A 2014 ta baro Amchide da ƙafa, ita da jikoki, ta raɓe a ɗakin wata ƙanwarta a Mora. Amma ba ta tsallake iyaka ba, don haka a doka ita ba 'yar gudun hijira ba ce, 'yar ƙasa ce da ta rasa matsuguni. Maƙwabciyarta ta Banki, wadda suke aron turmi, tana da kati a Minawao. Goggo kuwa sai abin da aka ɗan raba a gari, sai kuma buhun dawar Kawu. To, wannan kam na yaba masa.

Da na kai mata labari na ce, "Goggo, ashe takardar nan ita ke ba da tuwo." Ta yi shiru, ta gyara kallabi, ta ce, "Ai na gaya maka a takarda take." Har yau ban san ko ni na kayar da ita ba ko ita ta kayar da ni.

A 2021 da aka fara mayar da mutane Banki da Bama, Goggo tana kabari. Allah ya jiƙanta. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai batun Kawu da filin Baba.