Sana'ar keke da yawon dutse a Limbe, tsakanin teku da Dutsen Kamaru

Salam jama'a. 'Yan uwa na can gida Garwa da Ngawundare suna yawan tambayata wai wane irin aiki ne nake yi a kudu, to bari yau in yi bayani a tsanake. Ina da ɗan shago a Limbe, muna bada hayar kekunan hawan tudu, masu faɗin taya da giya da birkin faifai, kuma muna raka mutane yawon ƙafa a daji da kan dutse. Ni ne da yarana, ɗaya bakanike ne sauran 'yan jagora, sai 'yan dako da muke ɗauka daga ƙauyuka in tafiyar ta kwana ce.

Wanda bai taɓa zuwa nan ba, da wuya ya gane yadda wurin yake. Limbe a bakin teku take, yashinta baƙi ne wuluk saboda aman wutar dutse, kana tsaye a Down Beach inda mata ke gasa kifi ka ɗaga kai sai ka ga Dutsen Kamaru a bayanka, tsayinsa ya haura mita 4,000, babu wanda ya kai shi a duk wannan yanki na Afirka. Wato daga inda ruwan gishiri ke taɓa ƙafarka har inda sanyi ke sa yatsu su ƙage duk a ƙasa ɗaya ne, ba nisa. Ranar da gari ya washe kuma har tsibirin Bioko na Ikwatoriyal Gini ana hangowa a cikin ruwa. Shi ya sa na ce ko a ina aka ajiye irin wannan wuri mutane za su biya kuɗi su gani.

Hanyar keken da muka fi bi ita ce ta gaɓar teku, daga Limbe mu wuce matatar mai ta SONARA, mu bi ta Batoke zuwa Bakingili, masu ƙarfi su zarce Debunsha har Idenau. A Bakingili muke tsayawa dole, domin nan ne narkakken dutsen da ya gangaro a 1999 ya zo ya tare kwalta, har aka karkatar da hanyar ta zagaye shi. Yana nan har yau, baƙi, tsayinsa ya fi gida, in ka ɗauki guntunsa za ka ji ba nauyi sosai, duk ƙofofi ne, kuma yana yankar hannu in ba ka yi hankali ba. Abin da ke burge ni kullum shi ne yadda ciyawa da ƙananan itatuwa suka fara tsirowa a kansa, a wurin da wuta ce zalla ta kwanta, ikon Allah kenan. Daga nan in muka bar kwalta sai mu shiga hanyoyin gonakin kwakwar manja na CDC, kamfanin da ke nan tun 1947, hanyoyin ƙasa ne masu hawa da gangara, inuwa ko'ina, kana jin ƙarar teku ta hagu ko da ba ka ganinsa. Ga masu son gangara kuma akan ɗora kekuna a mota a kai su Buea, a sauko ta wajen gonakin shayi na Tole da Sasse, amma wannan sai mun tambayi lafiyar hanya tukuna.

Yanzu bari in faɗi inda aikin yake, don mutane suna ganin hoto ne kawai, ana murmushi an sa hular kwano. Wallahi rabin sana'ar nan wankin keke ne. Iskar teku gishiri gare ta, keke in ya kwana biyu ba a shafa masa mai ba sai ka ga sarƙa ta yi ja da tsatsa, wayar birki ta cije. Shi kuma baƙin yashin nan ba irin yashinmu na arewa ba ne, kaifi gare shi, in ya shiga tsakanin sarƙa da haƙoran giya ci yake kamar zarto. Don haka dokar shagona ita ce keke ba ya kwana da dattinsa, ko da isha'i aka dawo sai an wanke shi da ruwan famfo, a goge, a busar, a ɗiga mai a kowace gaɓar sarƙa sannan a share wanda ya yi yawa, domin man da ya yi yawa shi ke kiran yashi. Bakanikena yana da wani tsohon buroshin haƙori da ɗan gwangwanin kananzir, da su yake bin haƙoran giya ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya taya ya kara kunne yana sauraron boris, in ya ji ƙara-ƙara to gobe wannan keken ba zai fita ba ko da mai haya ya riga ya biya, a ba shi wani ko a maida masa kuɗinsa.

Kekunan duk gwanjo ne, daga Duwala nake sayowa, kuma kayan gyara su ne ciwon kai, takalmin birki na kirki sai ka yi ta cigiya, jabu kuwa ya cika kasuwa, za ka saka yau gangara ɗaya ta cinye shi. Ni kam ba na wasa da birki. Taya in ta yi faci a liƙe, sirdi in ya yage a ɗinke, amma mutum yana gangarowa daga tudu da gudu ga duwatsu ga rami, ransa amana ce a hannunka.

Sai ruwan sama. Debunsha da na ambata tana cikin wuraren da suka fi ko'ina samun ruwa a duniya, wajen milimita 10,000 a shekara, wanda ya saba da damunar Marwa ba zai yarda ba sai ya gani. Daga Yuni zuwa Satumba kusan aiki tsayawa yake, hanya ta zama taɓo da santsi, hazo ya rufe dutsen. Kasuwarmu daga Nuwamba ce zuwa Maris, abin da ka tara a nan shi za ka ci har shekara ta zagayo, kuma a ciki za ka biya yara ko ba a fita ba, domin in ka sallame su da damina ba za ka same su da rani ba.

Yawon ƙafa kuwa kala-kala ne. Akwai mai sauƙi, lambun itatuwa na Limbe da Jamusawa suka kafa a 1892, ko Bimbia inda har yanzu akwai kufan wurin da ake tsare bayi kafin a zuba su a jirgi, wurin da in ka shiga sai jikinka ya yi sanyi, ba a hayaniya a can. Akwai Etinde, wanda ake ce wa ƙaramin Dutsen Kamaru, mita 1,700 da 'yan kai ne kawai amma kada tsayin ya ruɗe ka, daji ne mai duhu da laima, wani wurin sai ka kama saiwar itace ka ja jikinka. Sai babban, wato Dutsen Kamaru kansa da ake kira Fako, wanda ake farawa daga Buea. Tun 2009 gandun gwamnati ne, ba a shiga sai da izini da ɗan jagora mai rajista, kuma ba ma kai keke can, ƙafa ce kawai. Ana bi ta bukka ta ɗaya da ta biyu da ta uku, da farko daji, sai kwatsam itatuwa su ƙare ka fito fili ciyawa da baƙin dutse, iska na kaɗa ka. Ruwa ya yi ƙaranci a sama, shi ya sa 'yan dako ke ɗauke da jarkoki, mu kuma musulmi taimama muke yi mu adana na sha. Asubar kan dutsen nan, sanyi na ratsa ƙashi gajimare na ƙarƙashinka, wlh ba ta da misali.

Abin da mu muke yi a kwana biyu ko uku, 'yan tsere a 'yan awoyi suke hawa su sauko. Gasar tun 1973 ake yinta, a watan Fabrairu, daga filin wasa na Molyko, kuma Sarah Etonge ta ci sau bakwai har ake kiranta sarauniyar dutse. Satin gasar nan Buea ba masaka tsinke.

Amma fa dutsen yana da masu shi. Bakweri ne 'yan ƙasa, suna da al'adunsu da wuraren da suke girmamawa, addininmu daban amma ba na yarda baƙona ya yi musu izgili ko ya tsinki abin da aka ce kar a taɓa. Kafin mu ratsa gonar mutum sai an gaishe shi, kafin mu buɗe sabuwar hanya sai an je wajen sarkin ƙauye, kuma 'yan jagora da 'yan dako daga cikinsu nake ɗauka don su ma su ga amfanin abin. Su ne suka san inda giwayen daji ke ratsawa, su ne in sun kalli gajimare za su ce a juya, kuma in sun ce a juya to an juya, ko baƙo zai yi fushi. Wannan zumunci shi ya riƙe mu lokacin da rikicin yankin masu Turancin Ingilishi ya taso daga 2016. Turawa suka ɗauke ƙafa, ranar Litinin gari ya mutu ba shiga ba fita, shaguna irin nawa da yawa suka rufe. Har yanzu ba ma fita sai mun buga waya ƙauyen da za mu an ce lafiya lau, ranar Litinin kuma ba ma aiki sam.

Waɗanda suka cike gurbin su ne 'yan gida, ma'aikata daga Duwala da ke zuwa hutun ƙarshen mako tunda kilomita 70 ne kawai, ɗaliban jami'ar Buea, sai kuma a hankali mutanenmu. Wani dattijo ɗan kasuwa da likita ya ce ya riƙa motsa jiki saboda suga ya zo yana ta nauyin baki, ya ce ɗana, da furfurata a ganni kan keke da hular kwano? Na ce Baba Alhaji ai lafiya uwar jiki ce, mu fara da hanyar gona inda ba kowa. Yanzu shi ke kawo min abokansa, har da matasan unguwar Hausawa da a da suke cewa wannan wasan Nasara ne. Mata ma sun fara tambaya, su kam yawon ƙafa suka fi so, cikin rukuni, da safe kafin rana ta yi.

Da zarar ruwa ya fara ɗaukewa a Oktoba za mu fita da adduna mu da samarin ƙauyuka, don daji a nan wata biyu ya ishe shi ya haɗiye hanya, a sare rassan da suka faɗo, a gyara magudanar da ruwa ya cinye, a sake shafa fenti a duwatsun alama. Wanda ke da niyyar zuwa bana ya taho da takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi, kuma in Fako yake so ya fara tafiyar ƙafa tun yanzu a garinsu.