An auna jini, an kwashe kujeru, sai kuma me?

Duk mazaunin unguwar Nima ko Mamobi a Accra ya san rumfunan da ake kafawa ranar Asabar a harabar masallaci ko filin makaranta. Ƙungiyar agaji ta zo da ma'aikatan jinya, a jera kujerun roba, a auna hawan jini da sukari, a duba ido, wani lokaci har a raba gidan sauro. Nakan je in taya su, domin yawancin tsofaffinmu ba sa jin Turanci, sai da mai yi musu tafinta. Allah ya saka wa masu wannan aiki. Akwai waɗanda ba don rumfar nan ba, da har yau ba su san suna ɗauke da ciwo ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne washegari. Wata dattijuwa mai koko da ƙosai a layinmu, an ɗaura mata abin awo a damtse, nas ta dubi lambar, ta yi shiru, ta sake aunawa a ɗaya hannun. Aka ƙulla mata ƙwayoyi na 'yan kwanaki a leda, aka ce lallai ta ga likita. Na ce, "Mma, ina katin inshorarki?" Ta kwance bakin zane ta miƙo mini. Ya mutu tun bara waccan. Hawan jini kuwa ba zazzaɓi ba ne da za a sha magani kwana uku a miƙe, shan kullum yake so.

Tun 2003 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasar Ghana, NHIS, don a rabu da zamanin da sai ka biya kafin a taɓa ka. A 2008 aka sa masu juna biyu a ciki kyauta. Yara 'yan ƙasa da shekara 18 da tsofaffi daga 70 zuwa sama an ɗauke musu kuɗin shekara, kuma maganin hawan jini da na sukari suna cikin abin da katin ke biya. Daga ƙarshen 2018 ma ana sabunta shi ta waya: a danna *929#, a biya da MoMo, wato asusun kuɗi na waya. To amma wadda ba ta karatu, wayarta ma jika ke danna mata, wa ya zauna ya nuna mata?

Katin ba ya ɗauke komai. Wani lokaci a ce maganin ya ƙare, ka je kemis ka saya da kuɗinka. Duk da haka, mai kati tana da ƙarfin gwiwar shiga asibiti tun ciwon bai kwantar da ita ba.

Mu matan adashin layinmu mun fara ware wani abu duk Juma'a, mu sabunta katin zawarawa da na tsofaffin da ba su da mai dubawa. Kaɗan ne, bai ma isa ga 'yan matan arewa masu dakon kaya a kasuwannin Makola da Agbogbloshie ba, masu kwana a ƙofar shaguna da goyo.

Shi ya sa nake roƙon ƙungiyoyin da ke zuwa mana, da alhazanmu masu fitar da zakka: in za a sake kafa rumfa, a ƙara tebur ɗaya a bakin fita. A zaunar da matashi da waya da kuɗi a MoMo, duk wanda aka auna a duba katinsa nan take, a rubuta layin da yake zaune, bayan wata guda a aika a tambaya ko ya ga likita.