Rediyon da ke bakin ƙofar lodi

Shekara biyu na yi ina aikin dare a wani katafaren sito a bayan garin Nashville, jihar Tennessee a Amurka. Mu sauke kaya daga tirela, mu jera, mu loda wata, tun goma na dare har asuba. A bakin ƙofar lodi akwai wata tsohuwar rediyo da ba a sauya mata tasha, kiɗan kantiri, wato kiɗan mutanen karkarar Amurka, kawai take yi.

Da farko bai kwanta mini ba. Kantirin da na sani tun a gida shi ne na Don Williams, wanda kawuna yake sakawa a kaset da yamma, mai sanyi, mai sa mutum gyangyaɗi. Wannan kuwa ana dukan ganga kamar za a fasa ta, jitar lantarki tana kururuwa. Na ce a raina, wannan ai rok ne aka ɗora masa malafa.

Wani dattijo direban tirela, wanda yakan jira mu gama masa lodi, shi ya gyara mini fahimta. Ya ce ƙarar nan ba yau ta fara ba. A shekarun 1930 fari da guguwar ƙura sun kori talakawan Oklahoma zuwa Kalifoniya, suka kama aikin gonar auduga da rijiyoyin mai a kewayen Bakersfield. Wuraren da suke hutawa bayan aiki cike suke da hayaniya, jitar katako ba ta kai wa kunne, sai mawaƙa suka koma ta lantarki. Mawaƙi Merle Haggard ɗan waɗannan baƙi ne, an haife shi a 1937, gidansu kuwa taragon jirgin ƙasa ne da mahaifinsa ya gyara. Daga ranar na daina jin ƙarar a matsayin ado. Mutumin da ya kwana cikin rugugin inji ba ya jin raɗa.

Sai na fara sauraron kalmomin, kuma nan ne aka kama ni. Chris Stapleton ɗan Kentucky ne, mahaifinsa a ma'adinin kwal ya yi aiki, shi kuma ya shafe shekaru yana rubuta wa wasu waƙa kafin sunansa ya fito a 2015. Zach Bryan yana sojan ruwa yake ɗaukar waƙoƙinsa da waya yana sakawa a intanet. Idan irin waɗannan suka ambaci kuɗin haya, ko ciwon baya, ko uban da ya dawo gida ya yi shiru don gajiya, sai ka ga abokan aikina sun rage surutu. Maza ne da ba za su taɓa ce maka suna cikin matsi ba. Waƙar ce ke faɗa a madadinsu, su kuma su ƙara mata murya.

Ba duka ba ne, gaskiya. Akwai waƙoƙin da ake ƙerawa a ofisoshin kamfanonin waƙa na Nashville, a lissafo motar akori-kura da giya da hanyar ƙauye, a ce an yi wa talaka waƙa. Ma'aikatan suna gane su nan take, kamar yadda manomi ke gane wanda bai taɓa riƙe fartanya ba. Suna kuma lura da wanda ya tuna aljihunsu. Har yanzu ana maganar yadda mawaƙi Eric Church ya soke tikitin shiga wasansa 25,000 a 2017, waɗanda 'yan kashe-mu-raba suka saye don su tsawwala, ya mayar da su kasuwa a kan farashinsu.

Abin da ya fi taɓa ni ya zo ne wani dare ina tura kaya, sai Ɗan Maraya Jos ya faɗo mini a rai, da kuntiginsa, yana yi wa karen mota waƙa. Tun ina yaro nake jin ta, ina dariya, don ban taɓa ɗaukar karen mota a bakin komai ba. Ga ni yanzu ɗan lodi a ƙasar wasu, kuma wata takwas ina ɓoye wa gida. In an tambaye ni sai in ce ina aiki da wani kamfani, in wuce. Su kuwa waɗannan Turawa suna rera sunan sana'arsu da ƙarfi, har da ganga.

Da na tashi aiki ranar na kira mahaifina. Na ce masa, Baba, lodin tirela nake yi. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce Allah ya yi albarka, ya tambaye ni ko suna ba mu safar hannu.