Littafin Itatuwa da Na Tarar a Adakar Baba

Bayan sadakar arba'in ɗin Baba, ni aka miƙa wa adakarsa ta ƙarfe, don duk gidan an san ni da son takardu. Baba ya daɗe yana aikin gandun daji a ƙasar Katagum kafin ya dawo Bauchi. Can ƙasan adakar, a naɗe cikin tsohon rawani, na tarar da wani littafi mai kauri, shafi ɗari shida da 'yan kai: The Useful Plants of West Tropical Africa na J. M. Dalziel.

Wannan Dalziel (Diyel ake faɗin sunan) likita ne da ya zo aiki Arewa a 1905, kuma ƙasar Katagum na cikin wuraren da ya bi yana tsintar ganye da fure. A 1916 ya fitar da ƙaramin ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa, sannan a 1937 wannan babban ya fito a Landan. Ka buɗe duk inda ka ga dama, sai ka ci karo da kuka, ɗorawa, kaɗanya ko aduwa, kowace da sunanta na kimiyya da amfanin da kakanninmu suka sani.

Ina ganin 1937 a gaban littafin sai na yanke hukunci cewa bugun farko ne. Har na buga wa yayata waya na yi mata albishir.

Kawuna, wanda ya yi ritaya daga aikin laburare, shi ya kwance mini kai. Ya shimfiɗa littafin a kan tabarma, ya hana ni lasar yatsa wajen buɗe shafi, ya ce, "Ɗana, kada ka tsaya a layin da ya yi maka daɗi. Karanta na ƙasa da shi." Na matso da shi bakin ƙofa inda haske yake. Gara ta ɗan taɓa wurin, amma ga rubutu nan ƙanana: an sake bugawa a 1948. Jikina ya yi sanyi.

A zaman nan na koyi cewa maimaicin bugu yakan ɗauko shekarar asali ya ajiye a sama, don haka shekara mafi kusa da ka gani ita ce ta kwafin da ke hannunka. Ya kuma nuna mini sunan mabuga. Na 1937 da na 1948 duk Crown Agents for the Colonies ne, amma hukumar ta canja suna a 1954, shi ya sa bugun 1955 ya bambanta. Wanda kuma ka ga sunan masanin tsirrai Burkill a kai, wannan sabon aiki ne da cibiyar binciken tsirrai ta Kew da ke Landan ta fara fitarwa a 1985. Bango kuwa, Kawu ya ce kada in dogara da shi, domin littattafan da suka sha hannu a ofisoshi sau da yawa sabon ɗinki aka yi musu.

Muna cikin duba ko shafukan sun cika, sai muka iso kan gawo. A gefen shafin Baba ya yi rubutu da fensir, da ajami: "Na bakin hanyar Azare ya zubar da ganye da ruwan fari." Kawu ya cire tabarau ya yi shiru. Na nemo sabon ƙyalle na naɗe littafin, na ɗora shi saman kabad, nesa da bango da danshin ƙasa.