Godiya bayan aikin bakin yaronmu karo na uku

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki.

Jiya bayan la'asar aka sallamo mu daga asibiti. Yaro yana gida nan Ƙofar Marusa, Katsina, ya sha kunun gyaɗa kofi guda, yana takawa kaɗan-kaɗan yana dafa bango. Alhamdulillahi. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba su yi mani uzuri, wayar tana hannun ƙanena kusan duk kwanakin nan.

Kusan duk wanda ya zo dubiya sai ya tambaya: aikin baki aka ce za a yi, to me ya kawo ɗingishi? Bari in amsa a nan gaba ɗaya. Ƙashi aka ɗebo kaɗan daga ƙugunsa aka cike giɓin da aka haife shi da shi a dasashinsa na sama. Ana yin wannan aiki ne tsakanin shekara 8 zuwa 11, kafin fiƙar girma ta fito, don ta samu ƙashin da za ta kafu a ciki. Shi yanzu shekararsa 9. Har ga Allah ƙugun ya fi bakin damunsa.

Waɗanda suka san mu tun 2016 sun san yadda aka haife shi, leɓen sama a tsage, ganɗa ma a buɗe har ciki. Ba ya iya kama nono. Mahaifiyarsa takan tatsa a kofi ta riƙa ba shi da ƙaramin cokali, a zaune a cinyarta, rabi ya shige rabi ya dawo ta hanci, ta goge da bakin zane ta sake. Dare da rana haka. Ni dai ban san da wane baki zan gode wa wannan baiwar Allah ba. Mun sha magana a lokacin, wasu su ce ta fita ranar husufin wata, wasu su ce iska ce. Leɓe da ganɗa tun watanni ukun farko na ciki suke haɗuwa, nasa ne Allah bai nufa su haɗu ba. Mun yafe wa kowa.

An ɗinke leɓen yana wata 4, bayan ya yi nauyin da ake so kuma jininsa ya kai. Ganɗar kuma yana ɗan shekara guda.

Wanda nake so in fi daɗewa a kansa shi ne likitan da ya yi aikin ganɗar. Ana gobe aikin ya zaunar da ni, ya juya katin asibiti ya zana mani fuska a bayansa da biro. Ya ce, "Malam, zan gaya maka abin da ba za ka so ji ba. Duk inda aka yanka aka ɗinke, tabo ne zai fito, kuma tabo ba ya miƙewa kamar lafiyayyar tsoka. Yaro zai yi ta girma, tabon na riƙe muƙamuƙin sama. A wasu yaran sai tsakiyar fuska ta ɗan shige ciki, haƙoran ƙasa su wuce na sama." Na ce to Likita, me zai hana mu bari sai ya girma? Ya ce lalle manyan da ba a taɓa yi masu aiki ba, sau da yawa ƙashin fuskarsu na girma daidai, amma iska na tsere masu ta hanci, da wuya a gane maganarsu, kuma gyaran magana bayan an girma jan aiki ne. Ya ce magana ba ta jira, ƙashi kuwa ana iya bin sawunsa daga baya.

Daren nan ban runtsa ba, har na ji haushinsa. Yau ga shi yaro yana karanta izu biyu a Islamiyya, malaminsa na jin kowane harafi in ban da sinun da ke ɗan kuɓuce masa. Abin da likitan ya faɗa kuma ya fara nunawa, in ka dube shi ta gefe za ka ga haɓar ta ɗan riga leɓen sama. Da ba a gaya mana ba, da yanzu mun tayar da hankali muna cewa an ɓata aiki. Saura waya a haƙora, sannan in ya gama girma, wajen shekara 18, a duba ko muƙamuƙin na buƙatar a jawo shi gaba. Ba kowane yaro ke kaiwa nan ba, muna roƙon Allah shi sa namu na cikin waɗanda ba sa kaiwa.

Godiya ga likitoci da nas-nas, musamman ta aikin dare da ta yi ta lallashinsa lokacin da allurar barci ta sake shi. Godiya ga ƙungiyar Smile Train da ke ɗaukar nauyin irin wannan aiki kyauta a Najeriya. Gwaggo da ta taso daga Daura ta riƙe mana sauran yara, Yaya da ya ba da jini ko da ba a kai ga amfani da shi ba, maƙwabta da jama'ar masallacinmu, Allah shi saka maku da alheri, shi bar zumunci.

Masu niyyar zuwa dubiya, ƙofa a buɗe take, amma don Allah kada a zo masa da kilishi, rake ko gyaɗa. Kunu, fura da aka dama da laushi da ayaba kawai aka yarje masa sai mun koma ganin likita nan da mako biyu.