Fom ɗin da na saya ban cike ba

Lokacin da na gama bautar ƙasa a ƙarshen 2022, alawus ɗin naira dubu 33 ya tsaya cak, amma tambayar mutane ta fi rashin kuɗin damuna. Ka je ɗaurin aure, ana shafa fatiha sai a juyo: "To, yanzu ina aka dosa?" Da na gaji sai na samo amsar da ke rufe baki: "Zan koma digiri na biyu." A ce madalla, a ƙyale ni. Na yi ta faɗa har ni ma na yarda, na biya kuɗin fom.

Kawuna, tsohon malamin firamare, shi ya ƙi cewa madalla. Yana kishingiɗe a zaure ya ce, "Yaro, wane abu kake son sani da sai jami'a za ta sanar da kai?" Na ce, "Kawu, ai yanzu digiri ɗaya ba ya ba da aiki." Ya ce ba abin da ya tambaye ni ke nan ba. Na yi shiru, don ba ni da amsa.

A daren na zauna da biro. Kuɗin makaranta, haya, mota, buga takardu, duk a wuyan mahaifina za su faɗa, ga ƙanne huɗu a bayana. A takarda karatun bai wuce shekara biyu ba, amma yajin aikin malaman jami'a na shekarar kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, na 2020 kuma wata tara. Tallafin karatu na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, na waɗanda suka riga suka zama malamai a manyan makarantun gwamnati ne. Tallafin karatu na Chevening na gwamnatin Birtaniya kuwa sai ka yi shekara biyu kana aiki. Ni ba ni nan, ba ni can.

Sai na kama aikin rubuta shige da ficen buhuna a shagon wani Alhaji a kasuwar Dawanau. Da farko ina jin kunyar a gan ni, wai mai digirin tattalin arzikin noma da littafin awo a hammata. Wata rana da bazara aka kwance buhun waken da aka ajiye tun kaka. Na tura hannu, na fito da shi fari fat da gari, kowace ƙwaya da huda, ƙwari na bin yatsuna. Alhaji bai ce uffan ba, ya dai sa na rage farashi a littafi.

Daga ranar na fara tambaya. Wasu 'yan kasuwa maganin ƙwari suke zubawa, irin abin da ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da waken Najeriya a 2015. Alhali ga buhun PICS na Jami'ar Purdue ta Amurka, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, iska ba ta shiga, ƙwaro ya mutu ba tare da magani ba. Me ya hana kowa amfani da shi? Tsada na ciki, ɓera na ciki. Amma abin da ban taɓa ji a aji ba shi ne, mai saye ba ya yarda sai ya soka ƙarfe ya ɗebi samfur, kuma huda ɗaya ta kashe amfanin buhun.

Bayan shekara biyu na sake sayen fom, da kuɗina, na karatun ƙarshen mako, don kada in bar shagon. Na rubuta shafi uku kan abin da zan bincika, na kai wa Kawu. Ya saka tabarau ya karanta har ƙarshe, ya miƙo mini.

"Maganar ɓerayen nan ba ka yi ta sosai ba," in ji shi. "Je ka ƙara."