Inna ta ce in kira mata shi

Tunda ƙanina ya tafi Rasha karatu Inna bata ƙara sauraren labaran duniya a rediyo da kwanciyar hankali ba. Da an ce an kama wani baƙo a wata ƙasa bisa zargin leƙen asiri sai ta aiko yaro shagona a Wunti, wai in zo in kira mata shi ta ji muryarsa. Da farko nakan ce mata haba Inna, ai manya ake kamawa, wa zai kula da ɗalibi ɗan Bauchi da ko kuɗin hayarsa da kyar muke haɗawa. Yanzu na daina faɗa mata haka, don na bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya kuma abun da na gani ya hana ni.

Kuma a gida ma abun ya fara buɗe min ido. A watan Agustan 2024 lokacin zanga-zangar tsadar rayuwa, da aka riƙa ɗaga tutar Rasha a Kano, jami'an tsaro sun kama 'yan ƙasar Poland bakwai, ɗalibai shida da malami ɗaya daga jami'ar Warsaw, aka ce suna da hannu a ɗaga tutar. Mutanen nan fa Hausa suke karanta, ita ta kawo su jami'ar Bayero, kuma duk wanda ya san siyasar Turai ya san babu jituwa tsakanin Poland da Rasha ko kaɗan. Sai ƙarshen watan aka sake su bayan gwamnatinsu ta yi ta kai da kawo. Ranar na ce a raina, ai waɗannan ma suna da wata Inna a can da ke zaune kusa da waya.

Abun da ya fi ci min rai shi ne ainihin 'yan leƙen asirin da yawansu basa shiga kurkuku. Suna zaune a ofishin jakadanci da fasfo ɗin diflomasiyya, kuma yarjejeniyar Vienna ta 1961 ta hana a kama su, iyakaci a ce su tattara kayansu su bar ƙasa. Kamar a 2018 da aka sa wa Sergei Skripal, wani tsohon jami'in leƙen asirin Rasha, guba a Ingila aka zargi Rasha, Birtaniya ta kori jami'an Rasha 23, Rasha ma ta rama da 23, kowa ya hau jirgi ya koma wajen iyalinsa. Wanda bashi da wannan rigar, ɗan kasuwa ko ɗan jarida ko ɗalibi, shi ake rufewa a ɗaki ya yi shekaru ana ciniki a kansa.

Ciniki ne wallahi, ba wata kalma. A Disamban 2018 Kanada ta tsare Meng Wanzhou, babbar jami'a a kamfanin Huawei na Chaina, saboda Amurka na nemanta, ba a yi sati biyu ba Chaina ta kama 'yan Kanada biyu, Michael Kovrig da Michael Spavor, tace 'yan leƙen asiri ne, har aka yanke wa Spavor shekara 11. Sun haura kwana 1,000 a tsare, kuma ranar da aka saki matar nan a Satumban 2021 a ranar aka sa su a jirgi. To ina shari'ar ta tafi? Ita kuwa Nazanin Zaghari-Ratcliffe, 'yar Iran mai takardar zama 'yar Birtaniya, ta je Iran ne ganin iyayenta da 'yarta ƙarama a 2016 aka tare ta a filin jirgi, bata koma Landan ba sai Maris ɗin 2022, daidai lokacin da Birtaniya ta biya Iran wani tsohon bashi na kusan fam miliyan 400, kuɗin tankokin yaƙi tun zamanin Shah, tsohon sarkin Iran, da aka karɓa ba a kai kayan ba. Bashin da aka ci tun kafin ta yi wayo, ita ta biya da shekara shida na rayuwarta.

Ba wai ina cewa duk wanda aka kama bashi da laifi ba ne. A musayar fursunonin da aka yi a Ankara ranar 1 ga Agustan 2024, wadda ta fito da ɗan jaridar nan na Amurka Evan Gershkovich bayan kotun Rasha ta yanke masa shekara 16, cikin waɗanda aka miƙa wa Rasha akwai mata da miji da suka zauna a Sloveniya a matsayin 'yan Ajantina, 'ya'yansu biyu ma sai a cikin jirgi suka san su Rashawa ne, har Putin da Sifaniyanci ya gaishe su. Waɗannan na gaske ne. Amma dubi da wa aka yi musayar, an ba da ɗan jarida an karɓi su da wani Vadim Krasikov da kotun Jamus ta ɗaure rai da rai saboda kashe mutum tsakar rana a Berlin. Ƙasar da ta ga haka na yi mata aiki me zai hana ta ƙara kama wani gobe.

Mu ma fa mun taɓa yi. Dattawa na tuna 1984 da aka sa Umaru Dikko cikin akwati a Landan za a kawo shi gida aka gano a filin jirgin Stansted, aka yi korar jami'ai ta kowane ɓangare, kuma aka yanke wa wasu injiniyoyi biyu 'yan Birtaniya ɗaurin shekara 14 a Legas bisa zargin satar jirgi, sai 1986 aka sake su da dangantaka ta fara gyaruwa. Maƙwabtanmu kuma yanzu abun ya zama ruwan dare, Mali ta kama sojojin Kodebuwa 49 a 2022 sai da Togo ta shiga tsakani, Burkina Faso ta riƙe Faransawa huɗu shekara guda kan leƙen asiri sai da Maroko ta sa baki. A Disamban 2025 kuma ga namu, jirgin sojan samanmu ya sauka a Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso aka tsare mutum 11, sai da Yusuf Tuggar, ministan harkokin waje na lokacin kuma ɗan jiharmu na Gamawa, ya je da kansa ya zauna da shugaban ƙasar Ibrahim Traoré. Na ji daɗi ƙwarai da aka sake su, amma sojoji ne, minista ya tashi dominsu. Direban tirela ɗan Azare ko mai kai albasa da wani ɗan sanda ya ga hoton gada a wayarsa, wa zai hau jirgi dominsa? Wannan tambayar ce ke hana ni barci, don 'yan uwanmu ne suka cika hanyoyin nan daga Maraɗi har Wagadugu.

Shi ya sa duk kiran da za mu yi da ƙanina sai na maimaita masa, kar ka ɗauki hoto kusa da bariki ko tashar jirgi, kar ka karɓi saƙon kowa ka kai wa wani, kar ka rubuta komai kan yaƙin Yukiren a Facebook ko da wasa ne, ka je ofishin jakadancinmu a Mosko su san da zamanka. Yakan ce Yaya ai na haddace, ni daga aji sai ɗaki. Jiya ma haka yace, Inna ta karɓi wayar ta yi masa addu'a mai tsawo har katin ya kusa ƙarewa, sannan ta tambaye ni saura wata nawa ya gama. Nace sha huɗu in Allah ya yarda, ta shiga lissafawa da yatsunta.